Kwamfutar da ke Amsa Kowace Sallama Ba Ta Gama Aiki

Duk lokacin da ka taɓa fuskar wayarka, ko saƙo ya shigo ta intanet, wata ƙaramar na'ura a ciki tana aika wa furosesa sigina cewa ta dakata ta saurare ta. Ana kiranta siginar katsewa, domin katse wa furosesa hanzari take yi. Mai amsa wannan sallama ita ce ƙwayar babbar manhaja, wato sashen da ke tsakanin na'urori da sauran manhajoji. A wayoyin Android, ƙwayar Linux ce. A ganina, ba saurin amsa sallama ne ma'aunin nagartar ƙwaya ba. Ma'aunin shi ne ta san lokacin da za ta ƙi amsawa.

Tsarin katsewa yana da dalilinsa. Ba don shi ba, da sai furosesa ta riƙa zagayawa tana leƙa kowace na'ura ko tana da buƙata, ta ɓata lokaci da batir a banza. Amma kowace amsa tana da tsada. Sai furosesa ta adana inda ta tsaya, ta yi wa na'urar hidima, sannan ta koma bakin aikinta. Kuma siginar katsewa tana gaba da aikin yau da kullum a daraja.

A nan matsalar take. A 1996, Jeffrey Mogul da K. K. Ramakrishnan sun bayyana abin da ke faruwa idan ƙunshin bayanai suka yi wa katin sadarwa ambaliya. Furosesa takan ƙare lokacinta kaf wajen karɓar sababbin ƙunshi, ba ta samun sararin sarrafa waɗanda ta riga ta karɓa. Kwamfutar ba ta mutu ba, tana ta fama, amma babu abin da ke fita. Layin gigabit ɗaya na iya kawo ƙananan ƙunshi kusan miliyan 1.5 a daƙiƙa guda. Ka ƙaddara maigidan da baƙi ke yi wa sallama ba ƙaƙƙautawa: yana ta fita zaure yana dawowa, ba wanda ya samu ko ruwan sha.

Masu gina Linux sun bi hanyoyi biyu. Ta farko, raba hidimar gida biyu: a yi abin da ya zama dole nan take cikin ƙiftawar ido, a jinkirta sauran. Ta biyu ita ce tsarin NAPI, wanda ya shigo a farkon shekarun 2000. Da zarar ƙunshi na farko ya yi sallama, sai ƙwayar ta rufe siginar katin, ta koma kwasar ƙunshin da kanta rukuni-rukuni, bisa ƙayyadadden adadi. Idan layi ya lafa, ta sake buɗe siginar. Abin da ya fi ƙarfinta kuwa ya zube tun a bakin ƙofa, kafin a ɓata masa ƙarfi.

Mai ja zai ce jinkiri ma illa ne, musamman ga injin masana'anta da ke buƙatar amsa a kan kari. Gaskiya ne. Sai dai maganin da aka samo bai rushe hujjar ba. Tsarin PREEMPT_RT, wanda aka kammala shigar da shi cikin Linux 6.12 a Nuwamba 2024 bayan aikin kusan shekara 20, yana mayar da yawancin hidimar katsewa ayyuka masu matsayi, ta yadda muhimmi zai wuce gaban marar muhimmanci. Ƙwayar ce ke zaɓar wanda za a fara saurara, ba mai ƙarfin murya ba.

Wannan ya shafi duk mai sa hannu a takardar sayen kwamfutocin banki, na asibiti ko na rajistar jarrabawa. Ɗan kwangila zai nuna maka saurin kayansa a ranar da babu cunkoso. Ka nemi a gwada su da lodin da ya zarce ƙarfinsu, ka ga ko za su ci gaba da kammala wani kaso na aikin, ko za su tsaya cik. Ranar biyan albashi da ranar rufe rajista, wannan ne zai raba mai kyau da marar kyau. Hausawa sun riga sun faɗa: sauri ya haifi nawa.