Kan Jirgi Mai Gazuwal da Lantarki: Kada Mu Raina Abin da Zai Kai Mu Gida

Tun da aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi a watan Fabrairun 2021, wata magana take yawo a bakin wasu ƴan bokonmu. Wai duniya ta wuce zamanin gazuwal. Wai in dai jirgin da za a kawo mana ba mai shan wuta daga waya ba ne, irin na Faransa da Japan, to an raina mu, an turo mana ragowar wasu. Maganar tana da daɗin ji a zauren taro, amma kuskure ce, kuma kuskure mai tsada. Abin da ƙasar nan take bukata shi ne kan jirgi mai gazuwal da lantarki, wanda zai ja taragun fasinja kowace safiya, da ƴaƴanmu da za su iya kwance shi su ɗaure.

Mu fara da abin da masu wannan magana ba su tsaya sun fahimta ba. Kan jirgin da suke rainawa shi ma da lantarki yake tafiya. Injin gazuwal da ke cikinsa janareto yake juyawa, janareton ya samar da wuta, wutar ta shiga ƙananan injinan lantarki da ke haɗe da ƙafafun ƙarfe, su kuma su juya su. Ba ya bukatar giya irin ta mota, shi ya sa yake tashi daga tsaye da nauyi mai yawa ba tare da fizga ba. A jiragen fasinja na zamani, wutar nan ce kuma take kunna fitilu da na'urorin sanyaya taragu. Tashar wuta ce guda, tana tafiya da ƙafafunta.

Shi kuwa mai shan wuta daga waya, sai an kafa masa turaku an ja waya bisa kowane kilomita, an gina tashoshin rarraba wuta, sannan a tabbata wutar ba ta yankewa. Ina muke da wannan? Shekara da shekaru mafi yawan wutarmu daga Nijeriya ta riƙa zuwa, kuma duk mun ga duhun da ya rufe Yamai da Maraɗi da Damagaram sa'ad da aka yanke ta a watan Agustan 2023. Madatsar ruwan Kandaji, tun 2008 aka aza harsashinta, shekara 15 bayan haka ba ta kunna fitila ko ɗaya ba. Wanda yake son ya ɗora jirgin fasinja bisa wannan wuta, to ya shirya ganin mata da ƙananan yara tsaye a daji tsakanin Jibiya da Maraɗi cikin zafin bazara, suna jiran a maido wuta. Gazuwal kuwa a gida ake tace shi: matatar Soraz ta Damagaram tana aiki tun 2011, kuma an gina ta don tace ganga 20,000 a rana.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Habasha, duk da manyan madatsun ruwanta, ta buɗe hanyar jirgi mai waya daga Addis Ababa zuwa Jibuti a 2016, ta kuma sha fama da yankewar wuta da satar waya. A can yamma kuwa, tun 1963 Muritaniya take jan taman ƙarfe daga Zuwerat zuwa Nuwadibu, tafiyar kilomita kimanin 700 cikin Sahara, da kawunan jirgi masu gazuwal da lantarki, har da mutane suke ɗauka. Rairayi da zafin da suke jurewa sun fi na kudancin Nijar.

Za a ce ai gazuwal yana hayaƙi. Gaskiya ne, yana yi. Amma a gwada shi da abin da muke da shi yau: manyan motocin fasinja da na kaya da ke tsere dare da rana bisa hanyar Yamai zuwa Damagaram, kowace da injinta da hayaƙinta, ga rayukan da hatsari yake ci. Ƙafar ƙarfe bisa ƙarfe ba ta cin ƙarfi kamar taya bisa kwalta, don haka kan jirgi guda yana jan ɗaruruwan mutane da man da bai kai na motocin da za su kwashe su ba. Ranar da wutarmu ta wadata, zirga-zirga ta yawaita, ana iya jan waya bisa hanyar da take nan. Ba a fara gini daga rufi.

Abin da ya kamata ya hana mu barci wani ne daban. An buɗe tashar jirgi ta Yamai a 2014. Kamfanin Bolloré ya shimfiɗa ƙarfe kilomita kimanin 140 zuwa Doso, aka yi bikin buɗewa a watan Janairun 2016, aka buga ganga, aka ɗauki hoto. Bayan bikin, malami nawa ko ɗan kasuwa nawa ya sayi tikiti ya je Doso? Hanyar ba ta isa Faraku ba, inda ƙarfen da ya taso daga Kwatano ya tsaya tun zamanin mulkin mallaka. Ga wata matsala kuma: faɗin hanyar Doso mita 1 ne, na Kano zuwa Maraɗi kuwa milimita 1,435, don haka kan jirgin wannan ba zai hau waccan ba. Ba rashin waya ba ne ya kashe jirgin Doso. Rashin shiri ne, da mai da aikin ƙasa kayan biki.

A nan ne maganar ta zo kanku, ya ku malamai. Kan jirgin zamani yana son mai sanin inji, da mai sanin lantarki, da mai karanta kwamfutar da ke lura da shi. A ƙasar hunturu da ƙura, matatar iska da aka yi sakaci da ita ta isa ta kwantar da inji na miliyoyin kuɗi. Maraɗi tana da makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Tun yanzu ya kamata a buɗe sassan koyon aikin jirgi a cikinsu, a kuma sa sharaɗin horar da ƴan ƙasa da kawo kayan gyara cikin kowace yarjejeniyar sayen kan jirgi. In ba haka ba, duk ƙusar da ta kwance sai mu jira baƙo.

Ku kuma ƙungiyoyin al'adu, ku zauna ku samar wa sassan jirgin nan sunaye da Hausa, don makaniki da almajirinsa su fahimci juna. Ku faɗakar da makiyaya da yara game da mashigin jirgi. Sama da kome, ku tsaya kai da fata a kan taragun fasinja, domin masu kuɗi kaya suke hange, kuma in aka yi shiru, siminti da taki za su hau jirgi a bar talaka a tashar mota. Tun 1911 jirgi ya isa Kano. Mun jira fiye da shekara 100. Kada mu ɓata sauran lokacin muna gardamar waya.