Gani Ya Kori Ji: A Buɗe Wa 'Ya'yan Adar Ƙofofin Kimiyya

A kan iyakar ƙasashen Suwizalan da Faransa, kusa da birnin Janeba, akwai wata cibiyar bincike da ake kira CERN, wadda ƙasashen Turai 12 suka haɗu suka kafa a shekarar 1954. Aikinta shi ne binciken ƙwayar zarra da 'yan mitsi-mitsin abubuwan da ke cikinta, wato ainihin tubalan da Allah Ya gina duk wata halitta da su. Abin da ya sa muka kawo zancenta a wannan fili shi ne wata ɗabi'a tata da ya kamata mu mutanen Tawa mu tsaya mu duba: duk da tsadar na'urorinta da zurfin iliminta, ƙofarta a buɗe take ga 'yan yawon buɗe ido, kuma ba a biyan ko tamma.

Bari mu ɗan yi wa mai karatu bayanin abin da ke wurin. An haƙa wani rami mai siffar zobe a ƙarƙashin ƙasa, zurfinsa kamar mita 100, kewayensa kilomita 27. A cikinsa aka shimfiɗa injin da ake kira LHC, wanda aka fara kunnawa ranar 10 ga Satumba 2008. Idan yana aiki, sai a saki wasu ƙwayoyi da ake kira furoton su yi ta gudu, wasu ta dama wasu ta hagu, suna kewaya zoben fiye da sau 11,000 a daƙiƙa ɗaya, sa'annan a sa su yi karo domin a ga abin da zai fito. Maganaɗisun da ke riƙe su a kan hanya sai an sanyaya su zuwa digiri 271 ƙasa da sifiri. Da wannan inji ne a ranar 4 ga Yuli 2012 aka ba da sanarwar gano ƙwayar Higgs, abin da ya jawo wa Peter Higgs da François Englert kyautar Nobel a 2013.

Baƙo ba ya shiga ramin idan injin na aiki, amma ana zagayawa da shi ya ga tsohon injin farko na 1957 da ɗakin da masana ke zama suna lura da gwaji, kuma galibi masu binciken ne da kansu ke yi masa jagora suna amsa tambayoyinsa. A watan Oktoba 2023 har wani sabon gini suka buɗe musamman domin baƙi, inda yaro ɗan shekara biyar ma yake da abin taɓawa da gwadawa. Dalilinsu a fili yake: da harajin talakawa ake tafiyar da wurin, don haka talaka yana da haƙƙin ganin abin da ake yi da kuɗinsa, kuma daga cikin yaran da ke zuwa kallo ne masanan gobe za su fito.

To mu dawo gida. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, kuma hanyar Tawa zuwa Agadas zuwa Arlit da kuɗinsa aka gina ta, shi ya sa ma ake kiranta hanyar yuraniyom. Shekara da shekaru manyan motoci sun yi ta ratsa Abalak da Tabalak da Tawa ɗauke da gangunan wannan ma'adini zuwa tashar jirgin ruwa ta Kwatano, daga can a wuce da shi Faransa. Yaran da suka tsaya bakin hanya suna ƙirga motocin sun girma sun haifi nasu, kamfanin COMINAK ma ya rufe a 2021, amma mutum nawa ne a cikinsu aka taɓa zaunar da shi aka nuna masa yadda wannan garin rawaya ke zama wutar lantarki? A kwalejoji da lise da yawa na Adar, darasin fizik bai wuce allo da alli ba. Mushe ya zana, yaro ya haddace, ya zuba a jarrabawa, ya manta, daga nan sai shirin tafiya ci-rani Abijan ko Libiya.

Mun san wani zai ce ana fama da tsadar hatsi da matsalar tsaro, ina ruwan Ba'adare da ƙwayar zarra? Tambaya ce mai nauyi, amma ga amsa. A wannan cibiya ta CERN ne Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro tsarin shafukan intanet a 1989 domin masana su riƙa musayar bayanai, a 1993 kuma aka sake shi ga duniya kyauta, ga shi yau duk shafin da muka buɗe a wayarmu jikansa ne. Sa'annan a 2021 aka buɗe sashen gashin cutar daji na farko a Nijar, a Yamai. Na'urar da ke wannan aiki sai da masanin fizik da zai auna ƙarfin hasken da za a sakar wa majinyaci. Idan ba mu reni namu ba, sai dai mu ci gaba da ɗauko na waje da tsada, ko na'ura ta zauna a rufe alhali marasa lafiya na jira.

Kuma kada a ce abin ya fi ƙarfinmu. Marigayi Abdu Mumuni Jofo, haifaffen Tasawa a 1929, masanin fizik ne da duniya ta san da shi a fagen makamashin hasken rana, ya shugabanci hukumar ONERSOL da jami'ar Yamai, wadda ke ɗauke da sunansa tun 1992. A lakwal irin tamu ya fara.

Ba cewa muke a ɗebi yaran Barmu da Kalfu da Afala a kai su Janeba ba, domin kuɗin jirgi da wahalar biza kaɗai sun isa su kashe zancen. Abin da muke nema yana kusa. Na farko, manyan gwaje-gwajen CERN irin su ATLAS da CMS suna shirya wa makarantu ziyara ta bidiyo kai tsaye, ana iya yinta da Faransanci, malami ne kawai zai rubuta ya nema. Jami'ar Jibo Hamani ta Tawa, wadda aka kafa a 2010, tana iya ba da ɗaki da intanet ta gayyato 'yan lise na gari da na karkara. Na biyu, a jaharmu akwai tashar lantarki ta hasken rana mai megawat 7 da aka buɗe a Malbaza a 2018, ga kuma masana'antar siminti a garin. Mene ne laifi idan aka ware rana ɗaya a kowane zangon karatu, injiniyoyi su karɓi ɗalibai su zagaya da su? Na uku, ga ɗaliban da suka yi fice, jami'ar Yamai tana da cibiyar binciken sinadarai masu fitar da haske ta IRI, a Zariya kuwa Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramin injin nukiliya na bincike tun 2004. Hukumomin ilimi su nemi izinin kai su, ko da goma ne a shekara.

Kuɗin wannan duka bai wuce na mota da mai da abincin rana ba. Attajiranmu da 'yan ci-raninmu da suka saba gina masallatai da haƙa rijiyoyi a garuruwansu, Allah Ya saka musu, muna roƙonsu su ƙara da wannan, domin ilimi mai amfani shi ma sadaka ce mai gudana. Su kuma masu riƙe da makullan waɗannan wurare su tuna dukiyar jama'a ce aka ba su amana. Tsaro gaskiya ne, amma masu injin kilomita 27 sun san yadda ake ware inda baƙo zai taka da inda ba zai taka ba, mu ma za mu iya.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Muna kira ga shugabannin ilimi na jaha, da jami'a, da ƙungiyoyin iyayen yara, su zauna kafin shekarar karatu mai zuwa su sa ranar ziyarar farko. Allah Ya ba mu ikon aikatawa, amin.