ILIMI DA ZAMANI: Kumbunan da ke gadin rana

A wannan mako filin namu zai ɗaga kai sama.

Waɗanda ke Maraɗi ko Bilma ranar 29 ga Maris 2006 ba su mance da abin da suka gani ba. Da hantsi duhu ya rufe gari, kaji suka nufi akurki, masallatai suka cika da masu sallar husufi. A cikin ƴan mintocin nan da wata ya tare fuskar rana, wani farin haske mai kama da rawani ya bayyana kewaye da ita. Wannan rawani shi masana ke kira korona, kuma ba ya ganuwa ga idon ɗan Adam sai a irin wannan lokaci. Shekara da shekaru masu bincike na bin husufi ƙasa ƙasa da kayan aikinsu domin su sami minti uku ko huɗu na kallonsa, wani zubin ma girgije ya ɓata musu tafiyar baki ɗaya.

Ran 2 ga Disamba 1995 hukumar binciken sararin samaniya ta Turai, ESA, da takwararta ta Amurka, NASA, suka harba wani kumbo mai suna SOHO. An ajiye shi a nisan kilomita miliyan 1,5 daga duniya, a wani gurbi tsakaninmu da rana inda dare ba ya riskar sa. A cikinsa akwai wata na'ura da ke sa ɗan faifai a gaban fuskar rana, kamar yadda mutum kan kare ido da tafin hannu, wato tana ƙirƙiro husufi nata na kanta a kowace sa'a. An tsara masa aikin shekara biyu. A watan Yuni 1998 ya ɓace wa masu sarrafa shi, ya yi ta juyi a sarari batirinsa a mace, sai a Satumba aka samu aka dawo da shi hanya. Daga nan ya yi ta aiko da hotuna har ya haura shekara ashirin da biyar a bakin aiki.

To, ina ruwan ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati da wannan? Da ruwansu. Rana ba fitila ba ce mai ci daidai wa daida. Tana da lokacin lafawa da lokacin tashin hankali, zagayen da kan ɗauki kimanin shekara 11. In ta tashi, takan yi tartsatsin da haskensa ke iso mu cikin minti 8, ya dagula saman iska inda gajeren zangon rediyo ke bi, sai mai sauraren labaran rana ya ji tasharsa ta ɗauke ya hau zargin batir. Takan kuma yi aman wani gajimare na ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, wanda kan yi kwana ɗaya zuwa uku a hanya. Ran 13 ga Maris 1989 irin wannan guguwa ta kashe wutar lardin Kebek na ƙasar Kanada har tsawon sa'a 9, mutum miliyan 6 suka zauna a duhu cikin sanyi. A Fabrairu 2022 kamfanin SpaceX ya yi asarar taurarin ɗan Adam 38 daga cikin 49 da ya harba a tashi ɗaya. A Mayu 2024 kuwa manoman Amurka da dama sun dakatar da shuka, domin na'urar GPS da ke jan taraktocinsu ta rikice. Duk wanda kamiyonsa ke ratsa Tenere da taimakon tauraro, ko kuɗinsa ke tafiya ta wayar salula, yana da kaso a cikin wannan magana ko ya sani ko bai sani ba.

Bayan SOHO wasu sun biyo. Akwai SDO na 2010 mai ɗaukar hoton rana kusan kowane daƙiƙa goma sha biyu, da Solar Orbiter na Turawa da ya tashi a 2020, da Aditya-L1 na ƙasar Indiya a 2023. Amma gwarzonsu shi ne Parker, wanda aka harba ran 12 ga Agusta 2018, aka raɗa masa sunan Eugene Parker, malamin da ya yi hasashen iskar rana tun a 1958 lokacin da manyan fannin ke ganin ya yi ɓatan kai. Tsohon yana da shekara 91 aka kai shi ya ga tashin kumbon da idonsa. Ran 24 ga Disamba 2024 Parker ya wuce a nisan kilomita miliyan 6,1 daga fuskar rana. In an ce tsakaninmu da rana taki 100 ne, to saura taki 4 ya taɓa ta. Gudunsa a ranar ya kai kilomita 692.000 a sa'a, wato Yamai zuwa Damagaram cikin abin da bai kai daƙiƙa biyar ba. Garkuwarsa ba ta wuce kaurin santimita 11 da ɗoriya ba, an gina ta ta jure zafin da ya kusa digiri 1.400. Abin da ya je nema kuwa tsohuwar tambaya ce: me ya sa fuskar rana ke da zafin digiri 5.500, alhali rawanin da ke nesa da ita ya haura miliyan? Kamar a ce wanda ke bakin ƙofa ya fi wanda ke gindin murhu jin wuta.

Abin da ya fi jan hankalina a cikin wannan al'amari shi ne yadda masu kumbunan suka buɗe wa jama'a rumbunsu. Da yake da kuɗin haraji aka yi aikin, hotunan kyauta ne. A wani shafin intanet mai suna Helioviewer, mutum na iya zaɓen rana da sa'ar da ya ga dama, ya ɗora hoton wannan kumbo a kan na wancan, ya matso kusa da tabo guda, ya haɗa ɗan bideyonsa da kansa. A wani kuma, Eyes on the Solar System, yana iya bin Parker a kan hanyarsa, ya juya shi ta kowace fuska, ya tura lokaci gaba ko ya mai da shi baya. Ɗalibin da aka ce wa rana na juyawa a kan kanta zai haddace ya manta. Wanda ya bi baƙin tabo da yatsansa, ya ga ya fito daga wannan gefe ya ɓace a wancan cikin mako biyu, wannan ya ga hujja.

Kuma abin bai tsaya ga kallo ba. A cikin hotunan SOHO an gano taurari masu wutsiya fiye da 5.000, an cika adadin nan a Maris 2024, kuma akasarinsu ba ma'aikatan hukuma suka gano su ba. Ƴan sa-kai ne daga ƙasashe daban daban, malaman makaranta da ɗalibai da ƴan fansho, kowa a ɗakinsa da kwamfutarsa.

Sai dai kada a ɗauka na'ura ta isa ita kaɗai. Launukan nan na kore da shuɗi da ruwan zinari da ake gani a hotunan ba launin rana ba ne. Haske ne da ido ba ya gani, aka shafa masa launi domin a bambanta zafi da zafi. Hoton kumbo yana ratsa harshen wuta kuma zanen mai zane ne, babu wanda ya bi shi da kyamara. In ba a sami mai bayani ba, kyawun hoton kansa kan zama abin ruɗi. Mun ga misali a 2025, lokacin da saƙo ya yi ta yawo a WhatsApp cewa duniya duka za ta yi duhu na minti 6 ran 2 ga Agusta. Ranar ta zo ta wuce lafiya lau. An ɗauko labarin husufin 2027 ne aka sauya masa shekara, aka ƙara masa gishiri.

Ga kuma matsalar harshe da ta aljihu. Yawancin waɗannan shafuna da Ingilishi suke, kuma bideyo na cin kuɗin intanet. Amma wannan ba katanga ba ce. Mushe guda mai kwamfuta ɗaya na iya sauke hotunan wata guda a kan kile, ya nuna wa aji uku ba tare da an sake biyan ko dala ba. Gidan rediyon gari na iya ba da minti goma a mako. Ƙasar nan ba baƙuwa ba ce ga koyarwa da hoto, domin tun a 1964 aka fara gwajin talabijin na lakwal a nan, a lokacin da ƙasashe da dama ba su ma yi tunaninsa ba. Ba baƙuwa ba ce kuma ga ilimin rana. Marigayi Farfesa Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ofishin ONERSOL tun daga 1969, kuma a littafinsa na 1964 a kan ilimi a Afirka ya dage cewa a koyar da yaro da harshen da ya tashi da shi. Shi zafin rana ya bincika domin a dafa ruwa a ja injin, ba kumbo ya harba ba, amma ranar dai guda ce. A ganina babban aikin da ya rage shi ne na kalmomi: a zauna da malaman kimiyya da ƴan jarida a tsai da sunan korona da na iskar rana da Hausa da Zabarmanci, kafin kowa ya ƙaga nasa.

Akwai ma lokacin da ya dace a sa wa aikin. Ran 2 ga Agusta 2027 husufi cikakke zai ratsa arewacin Afirka, ya bi ta Masar inda duhun zai haura minti 6, ya tsallaka Bahar Maliya ya rufe Jidda da Makka. A nan gida wani sashe na rana ne kawai zai kisfe, kuma irin wannan ya fi haɗari, domin yara kan ƙura mata ido. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya karewa, haka gilashin da aka turara da hayaƙi. Ƴan kasuwar da ke zuwa Dubai da Sin suna da isasshen lokacin shigo da tabarau na musamman mai lambar ISO 12312-2, masu niyyar umra a wannan wata kuma su sa guda a jaka.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.