Kafin Ka Yanke Wa Inji Hukunci, Karanta Takardarsa



Yau faɗa muka zo yi da mutum biyu. Na farko shi ne wanda ke sayen motar tsere ta hannu da ido kawai: fenti na ƙyalli, kujeru na ƙamshi, dillali ya rantse cewa wata tsohuwa ce ke zuwa cefane da ita a Jamus, shi ke nan an biya. Wannan cinikin biri a sama ya yi. Na biyu ya fi ba mu haushi, domin ya ji ƙamshin ilimi bai ɗanɗana ba. An miƙa masa takardar da kwamfuta ta fitar, ya ga lamba mai yawa, sai ya ce injin ya mutu, ya juya ya tafi.

Bari mu ɗauki Porsche 911 samfurin 997, wanda ya fito a 2004. Ƙwaƙwalwar injinta, wadda ake kira DME, tana ajiye tarihin duk lokacin da injin ya kai iyakar juyinsa ko ya zarce ta. Makanike zai jona na'urar PIWIS ta kamfanin, ko Durametric, ya fito da shi. Tsohon samfuri, 996, mataki biyu kawai yake rubutawa, shi kuwa 997 shida. A Carrera ta farkon 997, matakin farko yana farawa daga juyi 7,300 a minti ɗaya, na shida kuma daga 9,500. A gaban kowane mataki akwai lamba biyu: sau nawa fulogi ya ƙyasta wuta a wurin, da kuma awar aikin inji da abin ya faru na ƙarshe.

A nan mutuminmu na biyu yake faɗuwa. Lambar ba ta nufin sau nawa direba ya yi ganganci. Ƙyastawar fulogi take ƙirgawa. Inji mai silinda shida yana ƙyastawa sau uku a kowane juyi, don haka a juyi 7,400 yana yin 370 a sakan ɗaya. Ke nan in ka ga 1,100 a matakin farko, bai cika sakan uku ba a duk rayuwar motar. Kuma matakin farko ba laifi ba ne. Direba ya taka totur har ƙasa, ƙwaƙwalwa ta yanke mai, injin ya tsaya a inda aka ƙera shi ya tsaya. Motar tseren da ba a taɓa kai ta nan ba, to mene ne amfaninta? Wanda ya sayi ingarma ai ya san an yi sukuwa da shi.

Inda ya kamata gaba ya faɗi shi ne mataki na huɗu zuwa na shida. Totur ba ya kai inji can. Kuskuren hannu ne a mota manuwal: direba na gudu a giya ta biyar, ya nufi ta huɗu, hannu ya zame ya faɗa ta biyu, ya saki kuloci. Yanzu tayoyi ne ke juya inji, kuma yanke mai ba zai hana komai ba. Bawul na iya kasa komawa a kan lokaci fistin ya same shi, kusoshin sandunan da ke riƙe da fistin na iya miƙewa. Ƙyastawa talatin a mataki na biyar ta fi dubu biyar a na farko haɗari nesa ba kusa ba. Mai kallon girman lamba kawai zai guji lafiyayya ya rungumi mai ciwo.

Sai tambayar da aka fi mantawa: yaushe? A ce injin ya yi awa 2,000 yana aiki. In kuskuren ya faru a awa ta 600, motar ta yi awa 1,400 bayansa ba ta koka ba, wannan shaida ce mai nauyi. In kuwa a awa ta 1,995 ya faru, sai ka tambayi kanka me ya sa mai ita ya tashi sayarwa yanzu.

Za a ce mana: to ai gara mu nemi mai takarda fes, hankali kwance. A'a. Ana canza ƙwaƙwalwar mota, ana kuma canza inji a bar tsohuwar ƙwaƙwalwa da tarihin injin da ba ya nan. Takarda fes ba ta faɗa maka ko an riƙa azabtar da inji tun bai yi zafi ba, ko an bar baƙin mai ya tsufa a ciki. Shi ya sa muke cewa a raba kilomitan da mota ta nuna da awannin da ƙwaƙwalwa ta rubuta. Mota mai kilomita 40,000 da awa 4,000 tana cewa kilomita goma take yi a awa. Ko ta ƙare rayuwarta a cunkoso, ko an taɓa mita.

Matsayinmu ke nan. Kada ka biya ko sisi sai ka ga takardar, kuma makaniken da kai ka zaɓa ne zai fitar da ita a gabanka, ba hoton da dillali ya turo ta WhatsApp ba. Ka duba mataki, ka mayar da lamba sakan, ka duba awa. In akwai wani abu a saman mataki na uku, a gwada matsin kowace silinda, a leƙa cikinta da kyamara, a yanka filtar mai a nemi ɓurɓushin ƙarfe. In komai lafiya, ka yi amfani da lambar ka rage kuɗi. In mai mota ya hana a jona kwamfuta, ya riga ya ba ka amsa, ka kama gabanka.

Wanda bai yarda ba, ga fili nan a ƙasa, amma ya zo da lissafinsa. Allah Ya kai mu mako mai zuwa lafiya.