Rijiya Ta Bayar, Kada Guga Ya Hana

Ya ku 'yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Anaca da Fatakwal,

Da yawa daga cikinku, gumin da kuka zubar a kasuwar Mile 12 ko Bodija ko Agege, shi ne ya kai 'ya'yanku jami'a. Da suka shiga shekarar ƙarshe sai aka aiko muku cewa a turo kuɗin furojet, wato kundin binciken da ɗalibi kan rubuta kafin a ba shi digirin farko. Kuka aika da kuɗin mota, da na gwaje-gwaje, da na buga takardu, da na ɗinke su da bango mai kauri. To, tambayata ita ce, a cikinku mutum nawa ne ɗansa ya zaunar da shi ya bayyana masa abin da ya gano?

Daga Kuje nake rubuto muku wannan. Kuje ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi 6 na Babban Birnin Tarayya, wanda Janar Murtala Muhammad ya kafa da doka a 1976. Ƙasar noma ce ta Gbagyi da Gade da Fulani da sauran jama'a, kuma doya da masara da dawar da ake nomawa a Gaube da Rubochi da Kwaku suna cikin abincin mutanen Abuja. Jami'ar Abuja, wadda aka kafa a 1988, maƙwabciyarmu ce, ga kuma wasu manyan makarantu a jihohin da ke kewaye. Saboda haka ba baƙon abu ba ne a nan a ga ɗalibi da takardar tambayoyi a hannu yana bin manoma gida-gida, ko yana ɗibar ruwan rijiya a kwalba.

Wata shekara wani yaro mai ladabi daga wata makaranta mai nisa ya sauka wurin maƙwabcina, ya ɗebi masara daga rumbu, ya ce zai auna ko akwai guba a ciki. Aka ba shi abinci, aka raka shi bakin hanya. Har yau tsohon nan yana tambayata ko an sami gubar. Ku duba girman wannan al'amari. Gubar da yaron yake nema, wadda masana ke kira afalatoksin, funfuna ce ke haifar da ita a masara da gyaɗar da ba su bushe sosai ba, kuma tana lalata hanta. In ya same ta, to, iyalin gidan sun ci gaba da ci ba su sani ba. In bai same ta ba, ya bar dattijo cikin zullumi a banza. Amsar tana can a kan kanta, ƙura ta rufe ta.

Laifin ba na yaron kaɗai ba ne. Tsarin karatun ne ya koya masa cewa aikinsa ya ƙare ran da ya tsaya gaban malamai ya kare kundinsa da Turanci, aka ba shi maki. An koya masa yadda ake aunawa da lissafi, amma ba a tambaye shi ko zai iya faɗa wa manomi sakamakon cikin jimla uku ba. Daga nan ne kuma wata cutar ta samu ƙofa, domin aikin da aka san ba mai karantawa, shi ne ake kwafowa daga intanet ko a saya da kuɗinku. Wanda ya san zai tsaya gaban mutanen da ya yi bincike a kansu, da wuya ya yi musu ƙarya.

Kuma mun ga amfanin bincike idan ya iso hannun jama'a. Masu sayar da wake a cikinku sun san buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda ke kashe ƙwaro ta hanyar hana shi iska. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fito da shi tare da takwarorinsu na Afirka, har da na Maraɗi. Da aka soma yaɗa shi daga 2007, ƙauye-ƙauye aka bi, a ɗaure wake a gaban jama'a, bayan watanni a taru a kwance, kowa ya gani da idonsa. Gani ya kori ji. A ɗaya gefen kuma, a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Illar maganin sananniya ce ga masana tun tuni, sai dai labarin bai kai ga mai zubawa ba.

Shawarata ita ce, kowace jami'a ta wajabta wa ɗalibi abu biyu kafin ya karɓi digiri. Na farko, ya rubuta shafi ɗaya na abin da ya gano da harshen mutanen da ya yi aiki a cikinsu, Hausa ne ko Gbagyi ko Yarbanci. Na biyu, ya koma ya bayyana musu da baki, a ƙofar mai unguwa ko a gidan rediyo, a kuma ba shi maki a kan haka. A 2008 Jami'ar Kwinsland ta Ostiraliya ta soma gasar da ɗalibi ke bayyana bincikensa cikin minti 3 kacal, jami'o'i da yawa a duniya suka kwaikwaya. Mu me zai hana?

Wani zai ce Hausa ba ta da kalmomin kimiyya. Sai mu tuna masa cewa malaman gona na Samaru, Zariya, sun shekara da shekaru suna bayyana sabon iri da takin zamani da Hausa. Wani kuma zai ce aikin ɗalibi ƙarami ne, yana iya yin kuskure ya ɓatar da manoma. Wannan magana ce mai nauyi. Maganinta shi ne malamin da ya duba kundin ya duba shafin Hausar ya sa hannu, ɗalibin kuma ya koyi faɗin iyakar saninsa. Cewa "rumbu goma kaɗai na auna" ita ma kimiyya ce.

Ku kuma iyaye, kada ku jira hukuma. In an sake aiko muku neman kuɗin furojet, ku bayar, amma ku gindaya sharaɗi: ran da ya zo hutu zai zauna a zaure ko a rumfar kasuwa ya yi muku bayani har ku gane. In ya kasa, ku sani da sauran karatu a gabansa. Allah ya ba 'ya'yanmu ilmi mai amfani, amin.