Kwasakwasa da Gubar da Ke Cikin Kifi

A gaɓar tekun Amurka, daga Kalifoniya har zuwa Fulorida, akwai wani tsuntsun kwasakwasa mai launin ƙasa. Jikinsa duhu ne, kansa fari da ɗan rawaya, bakinsa dogo, da jakar fata rataye a ƙarƙashi. 'Yan'uwansa farare da ke ƙyanƙyasa a Dutsen Wase suna iyo ne su kwashi kifi, shi kuwa daga sama yake farauta. Yakan hango kifi daga tsayin da kan kai mita 20, ya naɗe fikafikai, ya faɗo da ka cikin ruwa. Jakar kan ɗebi kimanin lita 11, sai ya tsiyaye ruwan, ya haɗiye abin da ya rage.

Wannan abincin ne ya kusa ƙarar da shi. Maganin ƙwari na DDT da aka riƙa fesawa a gonaki ya bi koguna ya shiga teku, ya taru a jikin ƙananan kifaye, daga nan ya taru a jikin mai cinsu. Ɓawon ƙwansa ya yi laushi. Da yake da tafin ƙafa yake kwanci, sai ƙwan ya riƙa fashewa a ƙarƙashinsa. A shekarun 1960 ya daina ƙyanƙyasa a Luwiziyana, jihar da ke ɗauke da hotonsa a tutarta.

An keɓe masa tsibiri a Fulorida tun 1903, amma shinge ba ya tare guba. Abin da ya cece shi shi ne haramta DDT a 1972, kuma sai a 2009 aka cire sunansa daga jerin halittun da ake fargabar ƙarewarsu. Dokar shekara guda, jinyar shekara 37.

Saboda haka kuskure ne a ɗauki kare tsuntsu a matsayin shagalin masu hali. Tsuntsun da ke cin kifi ma'auni ne na lafiyar ruwa, domin kifin da ya ci shi ne ke shiga tukunya. Inda ake zuba Gamalin a kogi don kamun kifi, maganin da ke dangi ɗaya da DDT, bai kamata hukuma ta jira sai tsuntsaye sun ɓace kafin ta tsawata ba.