Kimiyya a Sauƙaƙe: Baƙin da ke Ratsa Mu Daga Sama

Ku shimfiɗa tafin hannunku. A kowace daƙiƙa, kusan ƙwaya ɗaya mai suna miyon tana ratsa shi ta wuce ba mu ji ba, ko muna cikin aji a Runka ko muna kasuwar Batsari.

Daga ina take? Wasu ƙananan ƙwayoyi ne ke tahowa daga can nesa cikin sararin samaniya da gudu kusan irin na haske. Idan suka yi karo da iskar da ta lulluɓe duniya, sai su tarwatse, ɓarɓashinsu ya zubo mana. Victor Hess ne ya gano su a 1912, bayan ya hau balan-balan ya haura sama da mita 5,000. Mu da muke kusa da tsakiyar duniya, maganaɗisun ƙasa yana kore mana marasa ƙarfi daga cikinsu fiye da yadda yake yi wa mutanen Turai.

Ga inda gizo ke saƙar. Taurari, duniyoyi da mu kanmu ba mu wuce kashi 5 cikin 100 na abin da ke sararin samaniya ba. Kimanin kashi 27 wani ɓoyayyen abu ne da ba ya haske. Vera Rubin ta ƙarfafa hujjar wanzuwarsa a shekarun 1970, da ta ga taurarin gefen gungu suna juyawa da saurin da ya kamata ya watsar da su. Wani nauyi ne da ba a gani yake riƙe su.

Mafarauci a dajin Rugu yakan gane dabba daga sawunta. Haka masana ke yi. A 2011 aka ɗaura na'urar AMS a Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, a 2013 kuma ta nuna yawan ƙwayar fositiron ya zarce yadda aka zata. Wasu sun ce ƙwayoyin ɓoyayyen abun ne ke karo da juna suna haifar da su. Wasu suka ce a'a, gawarwakin taurari masu juyawa da sauri ne ke fesa su. Har yau ba a raba gardama ba, domin sawu ɗaya na iya kama da na dabbobi biyu.

Ba sai Turai ake wannan bincike ba: tun 2002 madubin H.E.S.S. ke aiki a Namibiya.

Aikin mako: idan miyon 10,000 ke ratsa murabba'in mita ɗaya a minti guda, nawa ne ke ratsa tabarma mai tsawon mita 2 da faɗin mita 1 a darasin minti 40? Ku kai wa malamin Fiziks amsa.